Wa Ke Zaɓar Waƙar Da Rediyo Zai Sa? Fashin Baƙi Kan Ƙidayar Masu Sauraro A Amurka

Ranar Juma'a 3 ga Yunin 2005, da yamma, mutanen birnin New York da suka murɗa rediyonsu zuwa mita 101.1 a zangon FM sun ji abin da ba su saba ji ba. Tashar WCBS-FM, wadda tun 1972 ba ta da aiki sai sa tsofaffin waƙoƙi, galibi na shekarun 1950 da 1960 da 1970, ta rikiɗe cikin yini ɗaya. An sa mata suna Jack FM, an sallami masu gabatar da shirye-shiryenta, har da Bruce Morrow wanda duk garin ke kira Cousin Brucie, mutumin da jama'a suka shafe shekara arba'in da ɗoriya suna jin muryarsa. Ko damar yin sallama da masu sauraro ba a ba su ba. Aka maye gurbinsu da kwamfuta mai jero waƙoƙi, da wata murya da aka naɗa tana jefa maganganun gatse tsakanin waƙa da waƙa. A ranar dai, kamfanin da ke da tashar, Infinity Broadcasting, ya yi wa tasharsa ta Chicago, WJMK, irin wannan aski.

Gari ya ɗauki zafi. Jaridar New York Post ta ruwaito magajin garin na lokacin, Michael Bloomberg, yana cewa ba zai ƙara sauraron tashar ba, ya kuma haɗa da kalmar da ba ta rubutuwa a nan. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne tashar ba mutuwa take yi ba. Tana da masu sauraro rututu, tana kuma kawo kuɗi. To me zai sa ɗan kasuwa mai hankali ya rushe abin da ke aiki?

Sai an fara sanin abin da gidan rediyon kasuwa ke sayarwa a Amurka. A can, kusan kowace tashar FM layi guda take bi. Wata ba ta sa komai sai waƙoƙin kauboyi na karkara, wata sai gambarar zamani, wata sai na harshen Sifaniyanci, wata kuma labarai dare da rana. Mai sauraro ba ya biyan ko sisi. Mai talla ne ke biya, kuma abin da yake saye shi ne kunnen mai sauraro. Waƙar tsaba ce kawai da ake watsawa don kaji su taru, kajin ne ake kaiwa kasuwa. Saboda haka tambayar da shugaban tasha ke kwana da ita ba ita ce ko waƙoƙinsa na da daɗi ba. Tambayar ita ce su wa suka taru, kuma nawa mai talla zai ba da a kansu.

Manyan dillalan talla na Amurka sun daɗe da kafa wata iyaka: masu shekara 25 zuwa 54. Yawancin kuɗin tallan rediyo da ke bi ta hannunsu a kan wannan rukuni ake ƙulla cinikinsa. Yanzu a yi lissafi. Yarinyar da take da shekara 15 a 1964, lokacin da mawaƙan Beatles suka dira Amurka, a 1949 aka haife ta. A 2005 shekararta 56. Tana nan da ranta, rediyonta na kunne tun safe, ta san sunan kowane mai gabatarwa, amma a takardar dillalin talla ta riga ta fita daga layi. Kowace shekara dubban irinta ne ke tsallake iyakar 54, tasha tana kallon hajarta na raguwa alhali ba wanda ya kashe rediyo. Wannan ne ya ci WCBS-FM.

Hujjar masu talla ita ce wai dattijo ya riga ya zaɓi sabulunsa da bankinsa da irin motarsa, talla ba ta juya shi. Ni dai wannan hujja ba ta cika gamsar da ni ba. Mutum mai shekara 58 da ya gama biyan bashin gida, 'ya'yansa sun kama gabansu, ya fi ɗan shekara 27 da bashin karatu ya yi wa katutu kuɗin kashewa. Amma shugaban tasha ba shi da ikon gyara takardar dillali. Abin da ke hannunsa shi ne jerin waƙoƙi, shi yake iya taɓawa.

Sai batun ƙidayar kanta, inda nan ne maganar ta fi sarƙaƙiya. Rediyo ba kamar intanet ba ne da za a ga ko mutum nawa suka latsa. Tasha na watsa sauti cikin iska, ba ta san wa ya kama ba. Dole a nemi wani ya ƙiyasta, kuma shekaru da dama kamfanin Arbitron ne ke wannan aiki, kafin Nielsen ya saye shi a 2013 a kan kusan dala biliyan 1.26.

Tsohuwar hanyar Arbitron ɗan littafi ne. A zaɓi gidaje, a aika wa duk wanda ya kai shekara 12 a gidan nasa, tare da 'yan daloli na ihsani. Littafin na mako ɗaya ne, daga Alhamis zuwa Laraba, kowace rana da shafinta. Mutum zai rubuta tashar da ya saurara, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, a gida ne ko a mota ko a wurin aiki. A ƙa'ida, yana sauraro yana rubutawa. A zahiri, mutane da yawa sai ran Laraba da dare suke tuna littafin yana kan teburin cin abinci, su ɗauki biro su cika mako guda daga ka. Me mutum zai rubuta a irin wannan hali? Tashar da yake ƙauna, wadda sunanta ya zauna masa. Ya rubuta sunan mai gabatarwar safe da yake so, ya ja layi daga ƙarfe shida zuwa goma, alhali a cikin awa huɗun nan ya yi wanka, ya amsa waya, ya murɗa zuwa tashar labarai sau biyu don jin halin da hanya ke ciki. Littafin yana auna abin da mutum ya tuna, da abin da yake so a ce yana ji.

Gidajen rediyo sun gane haka tun tuni, suka kuma gina sana'arsu a kansa. Shi ya sa mai gabatarwa a Amurka ke nanata sunan tasha da mitarta har su gunduri mutum. Shi ya sa ake ajiye babbar gasar kyauta sai ranar Alhamis, don ita ce shafin farko na littafin, ranar da mai cikawa ke da zumuɗi.

Daga waɗannan littattafai ake fitar da alƙaluma iri-iri, amma uku ne ginshiƙai. Na farko jimillar mutanen da suka leƙa tasha ko sau ɗaya a mako. Na biyu matsakaicin masu sauraro a kowace kwata, wato kowane minti 15 na agogo. Na uku kason tasha cikin duk waɗanda rediyonsu ke kunne a lokacin. Mu ƙaddara tashoshi biyu, don misali kawai. Ɗaya mutum miliyan ɗaya ke leƙa ta a mako, amma kowa awa ɗaya yake yi ya wuce. Ɗayar mutum dubu 250 ne kacal, amma kowannensu awa huɗu yake zama. In aka dunƙule, awannin sauraronsu ɗaya ne, matsakaicinsu na kwata ma ɗaya, kasonsu ɗaya. Ta farko da yawan baƙi take rayuwa, ta biyu da amanar 'yan gida. A riƙe wannan bambanci, don shi ne zai raba mai rai da matacce in ma'auni ya canza.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta yi shekaru tana juya agogon kowace tasha: in mutum ya saurari minti biyar a cikin kwata ɗaya, a ba tashar ladan kwatar gaba ɗaya. Wanda ya kunna daga 8:10 zuwa 8:20 minti goma ya yi, amma biyar sun faɗa kwatar farko, biyar ta biyu, sai a rubuta wa tasha kwata biyu, tamkar ya yi rabin awa. Wanda ya kunna daga 8:12 zuwa 8:19 kuwa, uku a nan huɗu a can, ba ta samu komai ba. Duk wanda ya taɓa mamakin yadda tashoshin gari guda ke shiga talla kusan a lokaci ɗaya, ga dalili. Kowa agogo ɗaya yake kallo, kowa na neman inda zai cusa tallarsa ba tare da ya yi asarar mintunan da ke kawo lada ba.

Mu koma kan Jack FM. Salon ba a New York aka fara shi ba, a birnin Vancouver na Kanada ya fara fita a rediyo da wannan suna a ƙarshen 2002, ya kuma karɓu. Dabararsa ita ce jerin waƙoƙi mai faɗi, fiye da dubu, a gwamutsa su kamar yadda na'urar iPod ke yi a lokacin, a kawar da surutun mai gabatarwa, a rage albashi. A Los Angeles kamfanin ya gwada shi a mita 93.1 tun Maris na 2005, ya zauna daram. A New York kuwa ya ƙi ci. Tsofaffin masu sauraro suka watse da fushi, matasan da aka yi domin su ba su zo da yawan da aka zata ba, kuɗin talla ya ja baya. A ganina kuskuren shugabannin shi ne sun ɗauka waƙoƙi kawai mutane ke zuwa ji a 101.1. Ashe muryoyin nan da aka sallama, masu kiran sunayen unguwanni suna tuna wa mutum rawar makarantarsu ta sakandare, su ne rabin abin da tashar ta mallaka, kuma ba sa fitowa a kowane shafi na rahoton Arbitron.

Ranar 12 ga Yulin 2007, da ƙarfe 1:01 na rana, WCBS-FM ta dawo da tsohon sunanta da masu gabatarwa, 'yan watanni bayan Dan Mason ya karɓi ragamar kamfanin, wanda a lokacin ya koma CBS Radio. Aka yi ta murna cewa masu sauraro sun yi nasara. Rabin nasara ce. Tashar da ta dawo ta matsar da shekarunta gaba, ta fi karkata ga waƙoƙin tsakiyar 1960 zuwa ƙarshen 1980, na 1950 kuwa aka tura su gefe. Tun daga lokacin matsawa take yi sannu a hankali, har ta kai yau waƙoƙin 1980 ne kashin bayanta, na 1990 na shigowa. Abin da aka so yi da gatari a 2005 shi aka yi da reza cikin shekaru. Ta kuma koma sahun tashoshin da suka fi masu sauraro a birnin. Sai dai dawowar ta zo daidai da wani sauyi da ya taimaka mata ƙwarai, wanda ya nutsar da wasu.

A 2007 Arbitron ya fara maye gurbin littafi da wata 'yar na'ura a manyan birane, Philadelphia da Houston ne a gaba, New York ta bi a 2008. PPM ake ce mata. Girmanta bai kai tafin hannu ba, ana maƙala ta a ɗamara ko a jefa a aljihu. Kowace tasha na cusa wata alama a cikin sautinta, wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji amma na'urar na kamawa. Tana da abin gane motsi, don a san ko mutum na ɗauke da ita ko ya yar a kan kujera. Ana ba duk ɗan gidan da ya kai shekara 6, kuma gida kan iya zama cikin tsarin har shekara biyu. Yau birane 48 ne ake aunawa da ita, sauran ƙananan garuruwa suna nan kan littafi.

Da alƙaluman farko suka fito, sai ga wata Amurka daban. Ashe mutane na jin tashoshi da yawa fiye da yadda suke rubutawa, kuma ba sa daɗewa a kan kowacce yadda suke zato. Na'urar ba ruwanta da ƙauna. Duk sautin da ya kai gare ta lissafa shi take yi, ko rediyon shagon aski ne, ko na ɗakin jiran likitan haƙori, ko na abokin aiki a tebur na kusa. Tashoshin da ake kunnawa a bainar jama'a don ba sa ɓata wa kowa rai, masu sa sanannun waƙoƙin da kowa ya iya amshinsu, irin WCBS-FM da maƙwabciyarta Lite FM, suka yi sama. Tashoshin da ke rayuwa da amanar 'yan gida suka faɗi, kuma da yawa cikinsu na baƙaƙen fata ne da masu jin Sifaniyanci.

Nan rigima ta tashi. Masu waɗannan tashoshi, ciki har da ƙungiyar baƙaƙen fata masu gidajen watsa labarai ta NABOB, suka ce ba masu sauraronsu ne suka ragu ba, samfurin ne gurgu, wato rukunin mutanen da aka zaɓa su ɗauki na'urar. Arbitron ya dogara da wayar tarho ta gida wajen nemo mutane, alhali matasa da talakawa da baƙin haure da yawa salula kawai gare su. Ga kuma wanda aikinsa ko yanayin zamansa ba zai bar shi ya yini da wata na'ura mai kama da ta leƙen asiri a ƙugu ba. A Oktoban 2008 babban lauyan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya maka kamfanin a kotu, jihar New Jersey ma ta shigar da tata ƙarar. A Janairun 2009 aka sasanta, Arbitron ya yi alƙawarin ƙara gidajen masu salula zalla da gyara yadda yake ɗaukar mutane. Wani kwamitin majalisar wakilai ma ya zauna kan batun a ƙarshen shekarar. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Littafi ya daɗe yana kumbura alƙaluman tashoshin da ake ƙauna, na'ura kuma ta zo da ramukan da suka fi faɗa wa marasa ƙarfi. Amma mai talla ba ya jiran a gama muhawara, da alƙaluman wannan wata yake biya. A 2012 ɗaya daga cikin manyan tashoshin baƙaƙen fata biyu na New York, Kiss FM ta mita 98.7, ta naɗe tabarmarta ta haɗe da kishiyarta WBLS, zangon ya koma na sharhin wasanni.

Wanda ya fi shan wuya shi ne salon kiɗan jaz mai laushi, na busa da piyano, wanda ake kunnawa ƙasa-ƙasa a ofisoshi. Cikin shekara biyu ya kusa ƙarewa a manyan birane: CD101.9 ta New York ta bar shi a Fabrairun 2008, WNUA ta Chicago da KKSF ta San Francisco suka bi a Mayun 2009. Masu sauraronsa dama sun fara tsufa, wannan gaskiya ne. Amma daga baya injiniyoyi suka tayar da wata tambaya mai tayar da hankali. Alamar da na'urar ke kamawa ɓuya take yi a ƙarƙashin sauti. In kiɗa na da kauri da hayaniya, tana samun maɓoya da yawa. In kiɗa siriri ne mai yawan shiru, ko magana ce ta mutum ɗaya mai sanyin murya, maɓoyar ta yi ƙaranci. Kenan mai yiwuwa mutum na sauraro amma na'urar aljihunsa ba ta ji komai ba.

Kamfanin Telos Alliance ya fito da wani akwati mai suna Voltair, kuɗinsa wajen dala dubu 15, wanda ke ƙara wa alamar ƙarfi. Kafin 2015 ta ƙare ɗaruruwan tashoshi sun saya, wasu na murɗa shi har mai kunne ya fara jin wani amo kamar daga cikin gwangwani. Nielsen bai amince da akwatin ba, amma a shekarar ya fito da nasa ingantaccen tsarin cusa alama. Kowa ya fassara wannan yadda ya ga dama. Tashoshin jaz dai an riga an rufe su.

Ga kuma ƙanƙantar samfurin. Birnin da ke da mutum miliyoyi, 'yan dubbai ne ke ɗauke da na'urar. In aka tsaga su zuwa, a ce, maza masu shekara 18 zuwa 34 da ke sauraro da safe, sai ka tarar 'yan tsiraru ne ke wakiltar dubun dubata. Gida ɗaya mai mutum biyar masu son tasha guda zai iya ɗaga ta, ranar da wa'adinsa ya cika kuma ta faɗo, ba tare da an canza ko waƙa ɗaya ba. Inda gida ɗaya ke da wannan nauyi, dole a samu mai neman gidan. A 2015 Nielsen ya kai wani shahararren mai shirin safe na birnin Tampa, Bubba the Love Sponge, ƙara a kotu bisa zargin hulɗa da masu ɗauke da na'urar don ɗaga alƙalumansa. Shi ya sa gogaggun shugabannin tasha ba sa yanke hukunci a kan rahoton wata ɗaya, sai sun ga uku ko huɗu a jere. Marasa haƙuri kuwa sun sha rushe tasha a kan abin da bai wuce tafiyar hutun wani iyali ba.

Na'urar ta kuma canza yadda rediyo ke sauti. Tunda yanzu ana iya ganin minti-minti inda mutane ke murɗawa, sai aka umarci masu gabatarwa su taƙaita: 'yan daƙiƙoƙi, a koma waƙa. Sabuwar waƙar da ba a sani ba haɗari ce, don a nan alƙaluman masu sauraro ke yin ƙasa. Dama can akwai al'adar gwajin waƙoƙi, inda ake tara mutane daga rukunin shekarun da ake nema, a sa musu guntun amshi na 'yan daƙiƙoƙi daga ɗaruruwan waƙoƙi, kowa ya ba da maki ya kuma nuna wadda ta gundure shi. Wadda ta ci ta zauna, wadda ta faɗi a cire ta ko da ta taɓa zama ta ɗaya a ƙasar. Sakamakon shi ne tashar tsofaffin waƙoƙi mai shekaru talatin na kiɗa a gabanta ta ƙare da 'yan ɗaruruwa tana juya su. Masu sauraro na ƙorafin maimaici, alƙaluma kuma na nuna duk ranar da aka faɗaɗa jerin sai su gudu. Mutum na faɗin abu ɗaya da baki, yatsansa na yin wani a kan rediyon mota.

Akwai sauyin salo guda da kusan ba ya faɗuwa, na wucin gadi ne. Daga tsakiyar Nuwamba tashoshi irin Lite FM a New York da KOST a Los Angeles kan ajiye komai su koma waƙoƙin Kirsimeti zalla, su kuma kwashi kaso mafi tsoka na shekara. Har rahoto na 13 Nielsen ke fitarwa na wannan lokaci, ban da na watanni 12. Wasu kamfanoni kan fake da wannan: tasha ta shiga waƙoƙin Kirsimeti da suna ɗaya, ran 26 ga Disamba ta fito da wani.

Masu bibiyar harkar sun san alamomin tashar da ke gab da juyawa. Matsayinta a rukunin 25 zuwa 54 na zamewa wata bayan wata. Mai shirin safe ya tafi ba a ɗauki wani ba. An daina kashe kuɗin allunan talla a kan titi. Kamfani ya yi rajistar wani sabon adireshin intanet mai ɗauke da mitar tashar da baƙon suna. Akwai wani salo da ba mai yin sa a garin. Abin da bai kamata ya ruɗi mutum ba shi ne jadawalin da jaridu ke bugawa, na kowa da kowa daga shekara 6 zuwa sama. Kyauta ake ba da shi, kuma ba a sayar da talla da shi. Tasha kan zo ta biyar a can alhali a rukunin da ake biya ta goma sha biyar ce. Ana kuma ɓoye shirin sauyi ko ga ma'aikata, don kada kishiya ta riga, kada kuma mai gabatarwa ya buɗe makirfo ya faɗi abin da ke ransa.

Wani lokaci ma alƙaluma ba su ne ke yanke hukunci ba. Tun da dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasa, har kamfanin Clear Channel ya tara fiye da 1,200, tasha ta zama ɗa ɗaya cikin 'ya'yan gida. Ana iya juya ta ba don ta yi nasara ba, sai don ta gutsiri kason kishiyar babbar yayarta. Bashi ma na magana a manyan kamfanonin rediyo: Cumulus ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2017, iHeartMedia, wato Clear Channel na da, a 2018, Audacy mai WCBS-FM a yanzu kuma a Janairun 2024. WPLJ ta mita 95.5, wadda ta yi kusan shekara 50 tana sa kiɗa a New York, ta rufe ran 31 ga Mayun 2019 saboda Cumulus ya sayar da ita ga wata ƙungiyar Kirista mai tashoshin K-Love, waɗanda da gudummawar masu sauraro suke rayuwa, ba da talla ba. Sannan ba kowane kunne ne farashinsa ɗaya ba. Tashar da ta fi kowacce samun kuɗin talla a Amurka a yawancin shekarun baya-bayan nan ba ta kiɗa ba ce, WTOP ce ta labarai a Washington.

Mita 92.3 a New York ta isa misali ita kaɗai. A 1978 ta koma kiɗan disko, cikin 'yan watanni ta kayar da tashar WABC da ta daɗe tana sarauta. A 1985 ta koma kiɗan rok da shirin shahararren mai gabatarwa Howard Stern. Da ya tafi, a farkon 2006 aka gwada hira zalla, ba ta yi ba, a 2007 aka dawo rok, a 2009 aka koma waƙoƙin yayi, a 2017 wani reshen rok. Ran 27 ga Oktoban 2022 aka haƙura da kiɗa ɗungurungum, aka ɗora mata shirye-shiryen tashar labarai ta 1010 WINS. Matasan da ake ta farauta da waɗannan sauye-sauye sun riga sun koma Spotify da YouTube, abin kunne a toshe, inda na'urar ma da ƙyar take jin abin da suke ji.

Na baya-bayan nan shi ne a Janairun 2025 Nielsen ya rage ƙa'idar minti biyar zuwa uku a biranen da ake amfani da na'ura. Nan take alƙaluman rediyo suka ɗaga, ba don wani sabon mutum ya kunna ba. Mai sauraron nan na 8:12 zuwa 8:19 da a da bai kawo komai ba, yanzu kwata biyu yake kawowa. Tuni wasu tashoshi suka fara gwada gajerun zangunan talla maimakon dogaye biyu a awa.

Mu a nan Najeriya, tsarin daban ne, shi ya sa ba mu cika ganin irin wannan juyi na dare ɗaya ba. Tun da dokar 1992 ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, tashoshin da suka cika Kano da Kaduna, irin Freedom Radio da ta fara a 2003, galibi komai da ruwanka ne: labarai, wa'azi, siyasa, gaisuwa, wasanni, kiɗa, kowanne da lokacinsa. Kaso mai yawa na kuɗinsu daga sayar da fili kai tsaye yake zuwa, ga ɗan siyasa da sojojin bakansa, ga mai maganin gargajiya, ga mai ɗaukar nauyin tafsiri. Mai sayen fili ba ya tambayar matsakaicin kwata, abin da ya sani shi ne ya ji ana maganar shirin a kasuwa. Tasha kuma da yawan kiran waya da saƙonni take auna kanta, wanda ke nuna masu zumuɗi da masu kati a waya, ba yawan masu sauraro ba. A zamanin minista Lai Mohammed gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti kan samar da tsarin auna masu sauraro da masu kallo, da hujjar cewa rashinsa na hana kuɗin talla shigowa. Hujjar na da ƙarfi. Amma duk ranar da irin wannan ma'auni ya kafu, abin da masu gidajen rediyon Hausa ya kamata su fara tambaya shi ne gidaje nawa aka ɗauka a Bichi da Gwarzo idan aka kwatanta da Ikeja, da wane harshe aka yi wa matan aure tambaya a cikin gida, da kuma yadda za a lissafa rediyo ɗaya a teburin mai shayi da mutum goma sha biyu ke kewaye da shi.